Yadda ake tuƙa babur a sanyin Jos ba tare da an sha ƙasa ba

Da zarar hunturu ya kama, tambayar da masu karatu suke yawan turo mana ita ce: me ya sa babur ɗin da yake zaune daram da rana yake zame wa mutum da asuba, a kan hanyar da ya saba bi kullum? Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare yana sauka zuwa digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, wani lokacin ma ƙasa da haka. Ruwa ba ya daskarewa a kan kwalta sai sanyi ya kai digiri 0, don haka irin ƙanƙarar da ke shimfiɗe a titunan Rasha ko Kanada ba ita ce damuwarmu ba. Tamu ita ce taya mai sanyi, raɓa, hazo, yashi, hannun da ya sandare, sai kuma ƙanƙarar da ke zubowa tare da ruwan sama. Dukkansu abu ɗaya suke yi: suna rage riƙon taya, su kuma rage saurin hannunka. Maganin shi ne komai a yi shi a hankali, a kuma yi shi da wuri.

Tun 2012 aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, saboda haka wannan bayani ya fi shafar mai babur na kansa da masu bin hanyoyin Vom, Barkin Ladi, Mangu, Bokkos da Riyom da sassafe. Ka san inda doka ta ba ka damar bi kafin ka fito.

1. Duba taya tun da dare

Kada ka bari sai da asuba, lokacin da kake sauri kuma masu faci ba su fito ba. A auna iska da ma'auni, ba da matsa taya da yatsa ba. A irin su Bajaj Boxer da takwarorinsa, abin da aka saba a ma'aunin iska na PSI shi ne 25 a gaba, 28 a baya idan kai kaɗai ne, 32 idan da goyo ko kaya. Idan takardar da ke manne a jikin babur ɗinka ta faɗi wani adadi daban, ita za ka bi. A auna lokacin da tayar ta huce, domin wadda ta yi tafiya tana nuna fiye da gaskiyarta. Sanyi kuma yana rage iska: duk saukar digiri 5 zuwa 6 tana cin kusan maki ɗaya.

Gargaɗi: akwai masu cika taya tim har ta wuce 40 wai don babur ya yi sauƙin gudu ya kuma rage shan mai. Hakan yana rage faɗin wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda dama bai wuce tafin hannu ba. Akwai kuma masu sace iska sosai wai don ta kama ƙasa. Wannan yana sa babur lilo a kwana, kuma yana cin tif.

Sai zanen taya. A cikin ramukan zanen akwai ɗan tudu da kamfani ya saka a matsayin alama. Idan fuskar tayar ta yi daidai da shi, ta gama aiki. Duba gefenta ma: za ka ga lambobi huɗu, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Roba tana bushewa da shekaru ko da zanenta yana nan, kuma busasshiyar roba a sanyi kamar katako take. Cikin duk abin da za ka kashe wa kuɗi a wannan jeri, taya ce mafi tsada, kuma ita ce ba a yi wa rowa. Idan kuɗinka na guda ɗaya ne kuma duka biyun sun yi laushi iri ɗaya, fara da ta gaba. Baya idan ta zame ana iya cetowa, gaba kuwa ba ta ba da sanarwa.

Sabuwar taya ma tana da santsi. Ka lallaɓa ta a kilomita 100 na farko. Kuma kada mai wankin babur ya shafa mata man sheƙi a fuskar da ke taka ƙasa.

2. Birki, sarƙa, fitila

Matsa birkin hannu: ya kama kafin ya taɓo hannun sitiyari, ya kuma saki da kansa. Ƙurar hunturu tana shiga wayar birki da ta kuloci ta sa su tauri, ɗigon baƙin mai kaɗan ya wadatar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin waya mai tauri ba ta bari ka matsa kaɗan-kaɗan: ko dai ba ta kama ba, ko ta kama gaba ɗaya.

Da yawa daga cikin masu babur a nan sun kashe birkin gaba, ko sun bar shi ya lalace, wai shi ne ke kayar da mutum. Ba shi ke kayarwa ba, fizgarsa ce ke kayarwa. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. A gyara shi.

Sarƙa ta yi wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. A wanke ta da kananzir, a shafa mai, a goge rarar don kada ya fallatsa kan tayar baya. Matatar iska, idan ta soso ce, a wanke ta, a bari ta bushe, a ɗan shafa mai a matse. Idan ta takarda ce a canza. Fitilar gaba, jar fitilar baya da sigina duk su kama. Ƙwan fitilar baya bai kai kuɗin litar mai ba, amma shi kaɗai ne direban tirela yake gani a cikin hazo.

3. Tada inji

Buɗe mai, ja cok (abin da ke taimaka wa inji tashi da sanyi), ka ba shi kik biyu ko uku a hankali makulli na kashe don mai ya zagaya, sannan ka kunna ka tayar. Idan na sitata ne, kada ka danne fiye da daƙiƙa 5 a lokaci guda, batir yana rauni da sanyi. Da ya tashi, bar shi ya yi aiki shiru minti 2 zuwa 3, ka mayar da cok. Mantawa da cok a ja yana baƙanta fulogi, yana shan mai, kuma babur ya riƙa shaƙewa daidai lokacin da kake son ya ja. Murɗa totur da ƙarfi don "ya yi zafi da wuri" cin inji ne kawai, domin baƙin man bai gama hawa sama ba.

Gargaɗi biyu a nan. Kada ka ɗumama babur a cikin zaure ko ɗaki a rufe. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe mutum, kuma da sanyi ne aka fi rufe ƙofofi. Fito da shi waje tukuna. Na biyu, kada a kusantar da garwashi ko wutar kara ƙarƙashin inji, tankin fetur yana nan sama da shi.

4. Suturta jikinka

A nan ne aka fi yin sakaci. Idan sanyin gari digiri 10 ne kuma kana gudun kilomita 60 a sa'a, jikinka yana jin kamar digiri 5. Bayan minti 20 yatsu sun fara mutuwa. Hannun da ya mutu ba ya sanin ƙarfin da ya sa wa birki, kuma jikin da ke karkarwa yana sanƙare kafaɗu, sitiyari ya daina juyawa da sauƙi.

Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ƙatuwar guda ɗaya: ta ciki mai kama jiki, suwaita a tsakiya, sannan jaket da iska ba ta ratsawa a waje. Wanda ba shi da irin wannan jaket ya shimfiɗa jarida ko leda mai kauri a ƙirji ƙarƙashin riga, tsohuwar dabara ce kuma tana aiki. Safar hannu ta fata ko mai rufin leda, wadda za ka iya lanƙwasa yatsu a cikinta. Ta ulu zalla iska tana ratsa ta, kuma tana zamewa a kan birki. Takalmi rufaffe da safa. A gwanjon kasuwar Katako ana samun duk waɗannan. Ka zaɓi launi mai haske, ko ka ɗora riga mai ƙyalli a sama.

Gargaɗi: babbar riga, mayafi, rawani mai jela, bargo da zani mai ja duk suna shiga sarƙa ko wayoyin tayar baya. A tattare, a cusa.

Hular kwano ba ta da madadi. Hular sanyi ba kwano ba ce, hular magina ma ba ita ba ce. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa ita ce kwano mai kyau da aka ɗaure daidai yana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta saka shi tun 1 ga Janairu 2009. A ɗaure igiyar haɓa har yatsu biyu kaɗai ke shiga. Idan za ka sa wani abu a ciki don sanyi, ya zama siriri, domin hula mai kauri tana sa kwanon ya yi ta yawo a kai. Gilashin kwano yana yin gumi da numfashi: buɗe shi kaɗan, ko ka shafa ɗigon sabulun ruwa ta ciki ka goge. Ƙura kuma a wanke ta da ruwa, shafa ta a bushe yana karce gilashi, kuma karcaccen gilashi yana watsa hasken mota a ido.

Shayi mai zafi da abin taɓawa kafin fita suna taimakawa. Giya da ƙwaya ba sa ɗumama jiki. Giya tana buɗe jijiyoyin fata ne, ka ji ɗumi alhali zafin jikinka fita yake yi.

5. Kilomita biyar na farko

Inji ya yi zafi ba ya nufin taya ta yi zafi. Taya tana ɗumama ne da tafiya, da ja da birki a miƙe. Ka tafi a hankali, ka taɓa birki biyun sau uku ko huɗu a wuri miƙaƙƙe don ka ji yadda suke kamawa yau, musamman idan babur ya kwana a raɓa. Kaɗa babur hagu da dama wai don ɗumama taya ba ya ƙara komai sai haɗari. Kwanar bakin layinku, wadda ka fi raina, ita ce ka fara shiga da taya mafi sanyi.

6. Karanta kwalta

Idonka ya kasance nesa, ba kan tayar gaba ba. A gudun kilomita 60 kana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, a gudun 40 kuwa mita 11. Ga wuraren da riƙo ke ɓacewa:

Inda kwalta ta yi duhu ko sheƙi da safe, raɓa ce a kan ƙura, ta zama siririn taɓo. An fi samunta a kwari, kusa da rafi, kusa da tsofaffin kududdufan kuza, da ƙarƙashin inuwar duwatsu inda rana ba ta isa sai ta ɗaga. Inda masu noman rani suka ratsa tiyo ko ruwa ya malalo titi, haka. Yashi da tsakuwar da tifa ke zubarwa suna taruwa a gefen kwana da mahaɗar hanyar burji da kwalta. Man dizal yana nuna launin bakan gizo kuma za ka ji warinsa, yawanci a shataletale, a hawa, da gaban gidan mai. Tsakiyar layi a wurin tsayawar motoci shi ne inda mai ke ɗiga, ka bi sawun tayar mota. Fentin titi, murfin ƙarfe, ƙarfen haɗin gada da layin dogo duk suna sulɓi idan sun jiƙe. Kashin shanu ma kada a raina shi.

Dokar ratsa su ɗaya ce: rage gudu kafin ka isa, miƙe babur tsaye, saki birki, riƙe totur yadda yake, ka wuce. Layin dogo a tsallake shi a miƙe, ba a karkace ba.

7. Birki, kwana da gangara

Tazara tukuna. Zaɓi wata alama a gefen hanya, idan motar gabanka ta wuce ta ka ƙirga. A busasshiyar hanya daƙiƙa 2 zuwa 3, da asubar hunturu ko a jiƙe 4 zuwa sama. Ka tuna cewa idan gudu ya ninka biyu, nisan birki yana ninka huɗu ne.

Yadda ake tsayawa: saki totur, taka birkin baya kaɗan, sannan ka matsa na gaba kamar mai matse lemun tsami, da sauƙi da farko, kana ƙarawa yayin da nauyi ke komawa gaba. Wannan rabin daƙiƙar ta farko ita ce komai, domin ita ke danna tayar gaba a ƙasa kafin a nemi ta yi aiki. A kan santsi ka rage rabon gaba, amma kada ka bar shi gaba ɗaya. Idan tayar gaba ta kulle, saki nan take ka sake matsawa. Sauke giya ɗaya bayan ɗaya, kana sakin kuloci a hankali. Sakinsa farat ɗaya yana kulle tayar baya kamar ka taka birki.

Kwana ana gama mata birki ne kafin a shige ta. Shiga a hankali, dubi inda kake son fita, kada ka kwantar da babur kamar yadda kake yi da rana, sai ka ga mafita sannan ka ƙara totur kaɗan-kaɗan.

A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Akwanga, ka sauka da giyar da za ka hau da ita. Gargaɗi: kashe inji ko saka firi don tsimin mai yana bar maka birki kaɗai, kuma birkin ganga idan ya yi zafi yana daina kamawa. Kada ka tsaya a gaban babbar mota a gangara, kada kuma ka manne a bayanta a hawa. Idan ta matso, ba ta hanya.

8. Hazo

Kunna fitila ko da gari ya waye, amma ƙaramin haske. Babban haske yana bugun hazo ya dawo maka ido. Gudunka ya zama wanda za ka iya tsayawa a cikin iyakar abin da kake gani. Kada ka wuce mota, kada ka tsaya a kan kwalta. Idan dole ne, sauka can gefe.

9. Ruwan farko da ƙanƙara

Ruwan farko na wajen Maris da Afrilu yana tayar da man da ƙurar da suka taru wata biyar, rabin sa'ar farko ta fi kowane lokaci santsi. Idan kuma ƙanƙara ta biyo, abin da Jos ta saba gani, ƙwayoyinta a ƙarƙashin taya kamar tsakuwar da ke birgima suke. Rage gudu da totur da giya, nemi rumfa, ka jira ta narke, ba ta daɗewa. Kada ka fake ƙarƙashin bishiya idan ana tsawa.

Ga 'yan uwa da karatu ko aikin kai saƙo ya kai ƙasashen sanyi: a can ruwa yana daskarewa ya zama siririn gilashi da ba a gani a kan kwalta, gada ce ke fara daskarewa domin iska tana bin ta sama da ƙasa, kuma nisan birki yana iya ninka goma. Idan ma'auni ya sauka digiri 3 ko ƙasa, a ajiye babur. Babu ƙwarewar da ke riƙe ƙafa biyu a kan gilashi.

10. Goyo da kaya

Buhun dankali ko kwandon tumatir da za a kai kasuwar Farin Gada da asuba ya zauna ƙasa-ƙasa, a tsakiya, a ɗaure da roba ta hanyoyi biyu. Kaya da ya koma can baya yana ɗage tayar gaba, sitiyari ya yi sakayau. Goyo mutum ɗaya, ya manne da kai, ƙafafunsa a kan mataki, kada ya sauke ƙafa a kwana. Yaro ba ya zama a kan tanki, shi ne zai sha iskar duka, shi ne kuma zai fara isa ƙasa.

11. Idan babur ya zame

Idan tayar baya ce ta fara fita, kada ka fizgi birki, kada ka saki totur gaba ɗaya. Rage shi a hankali, dubi inda kake son zuwa, sassauta hannu. Idan faɗuwa ta tabbata, saki babur. Kada ka miƙa hannu don tare ƙasa, nan wuyan hannu da ƙashin kafaɗa ke karyewa. Sai ka tabbata ka daina jan ƙasa sannan ka tashi, ka fita daga kan titi kafin ka tuna da babur.

12. Idan kai ne ka tarar da haɗari

Fara da tare hanya: mutum ɗaya ya koma baya mita 50 ko fiye da fitila ko ganye, a hazo ya ƙara nisa. Kashe injin babur, rufe mai, kada kowa ya kunna sigari. Kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra, ko 112.

Wanda ya suma ko yake kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi, kada a zaunar da shi, kada a cire masa kwano sai idan ba ya numfashi ko amai yana shaƙe shi. Idan dole a juya shi, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe, sauran su juya jiki gaba ɗaya. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta, idan ya jiƙe a ƙara wani a kai, kada a cire na farko.

Gargaɗi: al'adarmu ta kwara wa wanda ya suma ruwa tana cutarwa, balle da sanyi. Mai rauni yana saurin rasa zafin jiki, kuma jinin jikin da ya yi sanyi ba ya saurin tsayawa. A rufe shi da jaket ko bargo, a saka wani abu tsakaninsa da ƙasa idan zai yiwu ba tare da an motsa bayansa ba. Kada a ba shi ruwa ko shayi, wataƙila tiyata ke jiransa. Ƙunar salansa kaɗai ce ake zuba wa ruwa, minti 20, a wurin ƙunar kawai, ba man goge baki, ba baƙin mai. Karaya a tallafe ta da katako yadda aka same ta, a kai asibiti a ɗauki hoto kafin a yi zancen ɗori. Asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, Plateau Specialist da Jankwano duk suna karɓar gaggawa, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa.

Wanda ya buga kai ya tashi yana cewa "ba komai", a sa masa ido kwana biyu. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan barci, ruɗewa ko ruwa daga hanci ko kunne, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kwanon da ya bugi ƙasa da kai a ciki ya gama aikinsa ko da bai fashe ba, a sayi wani. Babur kuma kada a hau sai bakanike ya duba sitiyari, ƙafafun gaba, hannun birki da ƙarfen da taya ke zaune a kai, domin ƙafar gaba da ta ɗan lanƙwashe ba ta nunawa sai an shiga kwana.